Masu Fasahar Bidiyo da Kayan Yaƙi: Abin da Aka Tattauna a Kaduna

Jama'a, ga abin da na tsinta daga wata doguwar muhawara da aka yi a Kaduna kan masu zane da bidiyo na kwamfuta da alaƙarsu da kayan soja.

1. Kusan kowa ya yarda cewa kayan aikinmu daga bariki suka fito. Tushen intanet shi ne ARPANET, hanyar sadarwar kwamfutoci ta ma'aikatar tsaron Amurka a 1969, GPS mai nuna wurin da mutum yake ma sojojinsu ne suka ƙirƙira.

2. Batun jirgi marar matuƙi, wanda masu bidiyo ma ke ɗaukar hoto da shi, ne ya fi ɗaukar zafi. Wasu sun ce ba baƙo ba ne a Kaduna, tunda a nan sojojin sama suka ƙaddamar da nasu mai suna Tsaigumi a 2018. Wasu kuma suka tuno Tudun Biri da ke Igabi, inda a Disamban 2023 jirgi marar matuƙi na sojojin ƙasa ya jefa bam kan masu Mauludi. Shawararsu ita ce kada ka ta da jirginka a ƙauye ba ka gaisa da mai gari ba, don ƙugin nan kaɗai kan sa uwa ta suri ɗanta ta gudu. Ni ma wannan na fi natsuwa da ita.

3. Kafin a ta da jirgi, a nemi izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama (NCAA), a kuma yi nesa da makarantar horar da hafsoshin soja (NDA), masana'antar ƙera makamai (DICON) da sansanin sojojin sama na Mando.

4. Kan hotunan gawarwaki kai ya rabu. Wani ɓangare ya ce shaida ce da ke hana a binne magana. Ɗayan ya ce sai da yardar iyalai, a kuma rufe fuskoki.

5. Karɓar kwangilar soja kuwa, ba a cimma matsaya ba.