Gawar da ba a san 'yan'uwanta ba: abin da aka tattauna

Jama'a, ga abin da na tsinto daga doguwar muhawarar da aka yi kan yadda za a yi da gawar da ba a san 'yan'uwanta ba.

1. Bakin kowa ya zo ɗaya: suturar Musulmi farali kifaya ce. In an rasa dangi, nauyin yana wuyan al'umma.

2. Wanda ya tsinci gawa kada ya taɓa ta. A sanar da 'yan sanda da mai unguwa tukuna.

3. Kafin a binne, asibiti ya ɗauki hoton fuska, ya rubuta tabo ko zanen gado, ya adana tufafin, a yi cigiya a rediyo, a sa wa kabarin lamba. Wata ta ce da tsagar fuska aka gane kawunta a mutuware.

4. Nan aka rabu. Dokar Najeriya ta 1933 ta ba da damar koyar da ɗaliban likitanci da gawa. Wasu sun ce ba makawa, wasu suka ce mamaci yana da alfarma. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

5. An kawo misalin Ingila, inda dokar 1984 ta ɗora wa ƙaramar hukuma jana'izar marar kowa.

6. Lasisi: a tilasta wa mutuware masu zaman kansu da masu motar gawa. Masu wanka da haƙar kabari kuwa, yawanci sun ce a bar su, don Allah suke yi.