Neman shawara: An ce in tsaya takara a sashenmu, ga rediyo ga tutoriyal, kuma Abba bai san da rediyon ba

Assalamu alaikum. Don Allah a ɓoye sunana. Iyayena da yayyena, shawara nake nema.

Ni ɗaliba ce a ABU Zariya, ina karanta Maikirobayoloji, na gama aji biyu zan shiga aji uku. CGPA ɗina, wato matsakaicin makin duk jarrabawoyin da na yi, yanzu 3.58. Tun ina aji ɗaya nake zuwa tutoriyal ɗin MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, bana kuma aka ba ni 'yan aji ɗaya mata ina yi musu bitar kemistiri ranar Asabar da safe. Sai kuma rediyo. Wata ƙawata 'yar sashen aikin jarida ce ta ja ni gidan rediyon jami'a, muna gabatar da ɗan shirin lafiya da Hausa sau ɗaya a mako: kwalara, tsaftar ruwan sha, rigakafin yara, illar shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ba da umarnin likita ba. Wallahi a duk mako babu lokacin da nake jin daɗinsa kamar wannan. Abin da na haddace don jarrabawa, sai na zo mayar da shi Hausa yadda mai sayar da kayan miya a kasuwar Samaru zai gane, sannan nake fahimtarsa da gaske.

To yanzu 'yan ajinmu sun same ni, wai in tsaya takarar mataimakiyar shugaban ƙungiyar ɗaliban sashenmu. Sun ce su za su haɗa kuɗin fom da na fosta. Raina yana so, ba zan ɓoye ba.

Matsalar ita ce ranar da Abba ya kawo ni makaranta ya ce mini, karatu ya kawo ni, ban da ƙungiya, ban da siyasa. Tutoriyal ya sani kuma ya amince. Rediyo bai sani ba, don tashar ba ta kaiwa garinmu. Amma yanzu an fara ɗora shirin a Facebook, gabana kullum faɗuwa yake kada wani ya tura masa.

In tsaya takarar ko in haƙura? Yaya zan yi da maganar Abba? Sannan waɗanda suka gama, don Allah ku gaya mini gaskiya: waɗannan abubuwan suna da amfani bayan an fita, ko takardar kawai ake dubawa?

Ummu Sultan: Wa alaikis salam 'yata. Taura biyu ba ta taunuwa, ke kuma uku kike shirin haɗawa. Amma kafin maganar takara, ki fara gyara tsakaninki da mahaifinki. Ya ji daga bakinki ya fi ya ji a wayar wani.

Malamin Lissafi: Ƙanwata, zo mu yi lissafi, don 3.58 ɗin nan ita ta fi tsaya mini a rai. A darajojin digiri, daraja ta biyu babba daga 3.50 take farawa zuwa 4.49. Ƙasa da 3.50 kin koma ƙaramar. Tazarar da ke tsakaninki da iyakar 0.08 ce kacal.

Mu ƙaddara a shekara biyun nan kin ɗauki yunit 72, wato jimillar nauyin kwasa-kwasanki. 72 sau 3.58, ke nan kina da maki wajen 258. A ce zangon farko na aji uku kin ɗauki yunit 20, hidima ta yi miki yawa, kika samu C a komai. Ba faɗuwa ba fa, ba ki bar kwas ko ɗaya a baya ba, C kawai. C maki 3 ne, 3 sau 20 ya ba da 60. Ki haɗa: 318 a raba da 92, kin dawo 3.46. Zango ɗaya tak. Kafin ki koma saman iyakar sai kin kawo kusan B a komai a zango na gaba, kuma duk yadda yunit ke taruwa haka CGPA ke ƙara nauyin motsawa. A aji huɗu ko A kika jera, ba za ta ɗaga da sauri kamar a aji ɗaya ba.

Ki duba ainihin yunit ɗinki a takardar sakamako ki sake lissafin da kanki. Kuma ki tuna, tun bayan yajin aikin ASUU na wata takwas a 2022 jami'o'i da yawa suka matse zangon karatu don cike giɓi. Sati biyu na kamfe ba ƙaramin yanki ba ne a zango irin wannan.

Maman Ihsan: Na riƙe ma'ajin ƙungiyar sashenmu a wata jami'ar, don haka bari in gaya miki aikin da ke cikin kujerar da ake miƙo miki. A yawancin ƙungiyoyin sashe mace ake ba mataimakiya, kuma duk wata hidima kanta take sauka: tarbar sababbin ɗalibai, makon sashe, walimar masu fita, duba wanda aka kwantar a asibiti, kai gaisuwar rasuwa. Shugaba ya yi jawabi a tafa masa, mataimakiya ce za ta san kujera nawa aka ɗauko haya da wanda bai samu abinci ba.

Taro kuma ba ya yiwuwa sai an tashi daga lakca da ɗakin gwaji, wato bayan magariba. A ce ƙarfe bakwai, a fara takwas da rabi, ki koma hostel goma ta wuce kina da rahoton firaktikal da za ki miƙa da safe.

Abin da ya fi damuna shi ne neman kuɗi. Kuɗin da ɗalibai ke biya ba ya isar makon sashe, sai a buga wasiƙu a ce a zaga ofisoshi da gidajen masu hali, kuma mata ake son sa wa gaba wai an fi jin kunyarsu. Ni ban yarda da wannan tsarin ba ko kaɗan. In har kin shiga, ki kafa sharaɗi tun ranar farko: ba kya zuwa wurin kowa ke kaɗai, ba kya zuwa da dare, kuma kuɗi ba ya shiga asusunki na kanki.

Sannan akwai abin da 'yan ajinku ba su lissafa ba. A mafi yawan kwasa-kwasan kimiyya, a aji uku ake fita SIWES, wato koyon aiki a wajen makaranta, na wata shida. In haka tsarinku yake, rabin wa'adin ba kya cikin makaranta, ɗaya rabin kuma shi ne zangon da kwasa-kwasan sashe suka fi tsauri.

Kwamared: Ni fa ban goyi bayan a kashe mata gwiwa ba. Kullum haka muke yi: 'yan uwanmu mata masu kamun kai su ja baya, a zaɓi wanda aka samu, sannan mu dawo muna ƙorafi an sa walima ƙarfe goma na dare, an kashe kuɗin ƙungiya a kiɗa, ba a sayi ko littafi ɗaya ba. Wa zai gyara in ba a shiga ba? 'Yan ajinku ba su zo wurinki don ba su da aikin yi ba, wani abu suka gani. Kuma ki duba tallafin karatu na Chevening na ƙasar Ingila, cikin rubutun da suke nema har da wanda za ki bayyana inda kika taɓa jagorantar mutane. Me za ki rubuta a wurin in daga aji sai hostel sai masallaci?

Malamin Lissafi: Kwamared, maganarka tana kan hanya, amma jami'o'in Ingilan da za ta nema galibi daraja ta biyu babba suke fara tambaya, haka ma tallafin Commonwealth. Kuma wadda take tsayawa gaban 'yan aji ɗaya duk Asabar, take magana da jama'ar Samaru a rediyo, ai ba ta rasa abin rubutawa ba.

Baba Alhaji: 'Yata, ni sa'an mahaifinki ne ko na girme shi, bari in gaya miki abin da yake ji in an ce ƙungiyar ɗalibai. A 1978 aka yi zanga-zangar da ake kira Ali Must Go, kan ƙarin kuɗin abinci da na makwanci a jami'o'i, lokacin Kanar Ahmadu Ali ne kwamishinan ilimi na tarayya. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da nan Zariya, gwamnati ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa, sai a 1980 NANS ta maye gurbinta. A watan Mayun 1986 kuma 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a harabar Samaru, ɗalibai suka mutu, jami'o'in ƙasar nan suka ɗauki zafi. Duk wanda ya yi wayo a wancan zamanin, kalmar ƙungiya a jami'a gawa take tuna masa, da kora, da rufe makaranta. Daga baya kuma ga labaran ƙungiyoyin asiri.

Kin ga MSS bai hana ki ba, don ya san ta. Tun 1954 take, wataƙila shi ma ya zauna a karatunta yana sakandare. Abin da bai sani ba shi yake tsoro, kuma haƙƙinsa ne ya ji tsoron, shi ya haife ki.

Don haka kada ki yi masa maganar a waya. Ki bari sai kin je gida. Ki fara da mahaifiyarki, ita ta san lokacin da ake samunsa. Ki riƙe takardar sakamakonki a hannu, ki ba shi haƙuri kan jinkirin sanar da shi ba tare da kawo hujja ba, sannan ki kunna masa shiri ɗaya, wanda kika yi kan kwalara. Ki bar shi ya saurara har ƙarshe. In ya ce a bari, ki bari, ki nemi wani kawunki ko malamin da yake jin nauyinsa ya sake tuntuɓarsa bayan kwana biyu. Maganar takara kuwa, kada ki haɗa ta da wannan a zama ɗaya.

Abu Hanifa: Ni shawarata ta bar rediyon gaba ɗaya. 'Ya mace tana magana duk gari na ji, ga Facebook, gobe sai an fara bibiyarta. Tutoriyal ɗin mata ya ishe ta lada.

Anti Malama: Malam, damuwarka kan bibiya gaskiya ce, kuma tana da magani: murya kawai a ɗora, ban da hoto, ban da cikakken suna, lambar wayar tasha ce za a bayar ba tata ba. Amma a ce ta bari saboda ita mace ce, ban yarda ba. Matan da ke cikin gida a Samaru da Bomo da Hayin Dogo, wa zai yi musu bayanin haɗa ruwan gishiri da sukari in yaro yana gudawa, da harshen da za su saki jiki su ji? Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf a ABU ɗin nan ta yi digirinta, ta zama editar jarida, tana cikin matan da suka kafa FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta Najeriya, a 1985, kuma a aikin Hajji Allah ya karɓi ranta a Mina a 2015. Aikin jarida bai rage mata komai a addininta ba.

Yaya Babba: Ina cikin masu zama tantance ma'aikata a inda nake aiki, bari in amsa tambayarki ta uku. Ana duba duka biyun, amma ba lokaci ɗaya ba. In takardu suka yi yawa, da darajar digiri ake fara rage su, kuma a wannan matakin ba wanda zai karanta cewa kin riƙe muƙami. Sai kin tsallake kin zauna a gabanmu sauran ke yin aiki. A nan kuma sunan muƙami ba ya burge mu, don kusan kowa yana rubuta shi. Tambaya muke: me kika yi? Wadda za ta ce ga shirye-shiryen da na gabatar kan kwalara da rigakafi, ku saurara, ta sha gaban mai katin shaidar kujera. Hukumomi da ƙungiyoyin lafiya da ke aiki a Arewa kullum suna neman wanda ya san kimiyyar kuma ya iya faɗinta da Hausa, su kuwa ba su da yawa.

Ki riƙa adana kowane shiri da kwanan watansa. Ki nemi takardar shaida daga shugaban tashar da ta shugabannin tutoriyal tun kina makaranta, don bayan an fita mutane canzawa suke. Ki fara neman wurin SIWES da wuri: asibitin koyarwa na Shika, ɗakin gwajin NAFDAC na Kaduna, ko cibiyar binciken dabbobi ta Vom in gida za su bar ki ki yi nisa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya saka da alheri. Na duba, yunit ɗina 74 ne, lissafin Malam kusan haka ya fito. SIWES ɗinmu kuma zango na biyu ne kamar yadda Maman Ihsan ta ce. Na yanke ba zan tsaya bana ba. Kwamared, maganarka ta shige ni, in Allah ya kai mu aji huɗu CGPA ta ɗaga kuma Abba ya yarda, zan sake dubawa. Ranar Juma'a zan tafi gida, na riga na kira Umma na ce ina da magana. Abin da ya rage, yaya zan gaya wa 'yan ajinmu? Har sun fara karɓar kuɗi a hannun mutane.

Maman Ihsan: Yau ɗin nan za ki gaya musu ƙanwata, kafin a kai wa mai buga fosta. Kada ki rubuta a guruf ɗin aji. Ki kira mutum biyu ko ukun da suka fara kawo maganar, ki yi musu godiya, ki ce gida ba su ba ki izini ba kuma ga yanayin sakamakonki. A mayar wa kowa kuɗinsa a rubuce. In akwai wata a ajin da kika yarda da hankalinta, ki ambace ta, ki ce za ki raka ta zagayen hostel ɗin Amina ranar da ba ki da firaktikal.