Tara kuɗin mallakar gini ga makarantar kiɗa ta al'umma: waɗanda suka taɓa yi su ba mu labari

Shugabar wata makarantar kiɗa:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Makarantarmu ta daɗe tana zaman haya, kuma yanzu mai gida ya sanar da mu cewa ba zai sabunta yarjejeniya ba idan wa'adi ya cika, domin yana shirin sayar da ginin. Wannan ba shi ne ƙaurarmu ta farko ba. Duk lokacin da muka tashi sai mun rasa ɗaliban da sabon wurin ya yi wa nisa, galibi 'ya'yan marasa ƙarfi waɗanda dominsu aka kafa makarantar, sannan sai an kira mai saita fiyano bayan an ɗauke ta, sai an sake lallashin sababbin maƙwabta a kan ƙarar ganga. Kwamitin amintattunmu ya yanke shawarar kafa gidauniyar sayen gini namu na kanmu. Ina roƙon waɗanda suka taɓa shiga irin wannan aiki su faɗa mana yadda suka fara, da abin da ya fi ba su wahala.

Tsohon ma'aji:

Wa alaikumus salam, Malama. Abu na farko da zan roƙe ki shi ne kada ku yi gaggawar shelanta gidauniyar. A makarantar da na riƙe wa kuɗi, mun ɗauki watanni muna bin mutane ɗaya bayan ɗaya kafin jama'a su ji labari, kuma ba mu kira taro ba sai da muka riƙe alƙawuran da suka haura rabin abin da muke nema. Dalilin a bayyane yake: mai ƙaramin ƙarfi ba ya son jefa kuɗinsa a asusun da bai ga alamar zai cika ba, amma idan ya ji an ci rabin tafiya, hannunsa yakan saki.

Masu sana'ar tara kuɗin taimako suna da ƙa'idar da na ga ta yi aiki a wurinmu. Gudummawa mafi girma ita kaɗai ya kamata ta ɗauki kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin, kuma kowace babbar gudummawa tana buƙatar a tanadi mutum uku ko huɗu da ake sa ran za su iya bayarwa, domin ba kowa zai amsa ba. Idan kuka zauna kuka rubuta sunaye, kuka ga babu wanda zai iya ɗaukar wannan kaso na farko, to adadin da kuka sa ya fi ƙarfinku, kuma gara ku san haka tun ƙofa tana rufe. Mun kuma ba manyan masu bayarwa damar biya kashi-kashi cikin shekara uku zuwa biyar, da takardar alƙawari mai sa hannu, abin da ya sa wasu suka ɗauki fiye da abin da za su iya bayarwa a tashi ɗaya. Sai dai mai sayar da gini ba ya karɓar alƙawari, don haka sai da muka nemi rancen wucin gadi, kuma kuɗin ruwansa ya shiga lissafi.

Dogaro da babbar gudummawar mutum ɗaya ba sabon abu ba ne. Makarantar Settlement Music School da ke Filadelfiya a Amurka ta fara ne a 1908 a ƙarƙashin inuwar wata cibiyar taimakon baƙin da suka ƙauro daga wasu ƙasashe, kuma sai a 1917 ta samu gininta, saboda mace ɗaya, Mary Louise Curtis Bok, ta ɗauki nauyinsa don tunawa da mahaifiyarta. Kafin ta ba da kuɗin, ta riga ta kasance cikin masu hidimar makarantar. Mu ma wanda ya ba mu kaso mafi tsoka tsohon ɗalibi ne da bai taɓa yanke zumunci da malaminsa ba.

Mahaifiyar wata ɗaliba:

Malam ma'aji, ban musanta lissafinka ba, amma ina so in yi magana a madadin iyaye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a wurinmu ƙananan gudummawa ne suka buɗe ƙofar babba. Wata cibiyar ba da tallafi ta ce za ta ninka duk abin da muka tara cikin wa'adin da ta ɗiba, kuma kafin ta amince sai da ta tambayi iyalai nawa ne daga cikin masu 'ya'ya a makarantar suka sa hannu, ba nawa suka bayar ba. Na ga wata dattijuwa da ke kawo jikanta darasin sarewa ta kwance bakin zanenta ta miƙa abin da ke ciki, ta tsaya har aka rubuta mata rasit, ta naɗe shi ta adana. Sunanta yana jikin allon da ke bakin ƙofa, girman rubutunsa ɗaya da na kowa. Wasannin da yara suka yi don neman taimako ba su kawo kuɗi mai yawa ba idan aka cire hayar zaure, amma a nan ne mutane da dama suka fara ganin abin da ake roƙonsu su taimaka wa.

Malamin ganga:

Ni gargaɗina a kan ginin ne kansa. Kafin ku biya kafin alƙalami, ku kai injiniyan da ya san harkar sauti, ku kuma ɗauki ganga ku buga a ɗaki ɗaya, wani ya tsaya a ɗakin da ke kusa, wani a waje. Mun tare a gini mai kyan gani, sai ga shi darasin ganga yana hana malamar waƙa jin ɗalibarta. Soson da ake mannawa a bango amsa-kuwwa kawai yake ragewa a cikin ɗaki, ba ya hana sauti mai kauri ratsa bango da daɓe. Abin da ke hana shi shi ne bango mai nauyi, da tazara tsakanin bango biyu, da ƙofofin da ba sa barin iska ta wuce, kuma duk wannan kuɗi ne. Ku sa shi cikin adadin da za ku nema tun farko, tare da gyaran rufi, da hanyar shigar masu keken guragu, da asusun ajiya na gyare-gyare, domin ranar da kuka zama masu gida babu wanda za ku kira idan rufi ya fara yoyo.

Lauya, mamba a kwamitin amintattu:

Malama, abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne lokacin da wani ya riga mu sayen ginin da muka tara kuɗi dominsa. Kuɗin da aka bayar don wata manufa takamaimai amana ce, ba a karkatar da shi zuwa albashi ko wani gini ba tare da yardar masu bayarwa ba, kuma a ƙasashe da yawa doka ce ta ce haka. Abin da ya cece mu shi ne jimla ɗaya a takardar neman taimakon, wadda ta ce idan wannan gini bai samu ba za a yi amfani da kuɗin wajen samar da wani mazaunin dindindin. Ku rubuta irinta, ku buɗe asusu na daban, ku riƙa fitar da bayanin kuɗi a kai a kai.

Ku kuma bincika abin da dokar ƙasarku ta tanada. A Ingila, alal misali, dokar Localism ta 2011 ta ba da damar yi wa gini rajista a matsayin kadara mai amfani ga al'umma, ta yadda idan za a sayar da shi za a iya dakatar da cinikin har wata shida domin jama'a su tara kuɗi, ko da yake ba ta tilasta wa mai shi ya sayar musu ba. A ƙarshe mu hayar dogon zango muka samu, ta shekaru masu yawa, a kan ginin hukuma da ba a amfani da shi, kuma masu tallafi sun yarda su biya gyaransa saboda tsawon wa'adin.

Shugabar makarantar:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan gabatar wa kwamiti batun jinkirta shela da na keɓe asusu a zamanmu mai zuwa, kuma zan nemi mai gida ya ba mu damar yin tayi kafin ya kai ginin kasuwa. Malam lauya, ina da ƙarin tambaya: a yarjejeniyar hayarku, wa ke ɗaukar nauyin gyaran rufi da inshora, kuma an ba ku damar saye idan hukumar ta yanke shawarar sayarwa?