Wanda ya yi kuka a cikin wahala, bangaskiyarsa ce ta gaza?

Shugaban Matasa (Gombe): Salama gare ku iyaye da 'yan'uwa. Wata magana ta tsaya mini a rai tun sujadar Lahadi. Baƙon mai wa'azin da ya zo mana ya karanta Filibiyawa 2:14, inda Bulus ya ce a yi kowane abu ba tare da gunaguni ko gardama ba. Sai ya ɗora da cewa duk Kiristan da ya buɗe baki ya yi ƙorafi a lokacin wahala bai dogara ga Allah ba, har hawaye ma raunin bangaskiya ne. Majami'a ta amsa da amin, ni kuwa bakina ya yi nauyi. Haka abin yake?

Baba Dattijo (Kaltungo): Haka yake, ɗana. Buɗe Littafin Ƙidaya sura 14. Gunaguni ne ya sa Isra'ilawa suka yi shekara 40 suna yawo a jeji, duk wanda ya kai shekara 20 zuwa sama bai taka ƙasar alkawari ba, sai Kalibu da Joshuwa. A sura 21 suka sake, suka raina abincin da Allah ya ba su, ya aiko musu da macizai. Tun da bishara ta shigo ƙasar Tangale a 1917 iyayenmu suka sha wuya a kanta, da ƙafa suke zuwa wa'azi ƙauye ƙauye, ban taɓa jin mahaifina ya ce Allah ya yi masa ba daidai ba. Mahaƙurci mawadaci.

Malamar Firamare (Billiri): Baba, ina gaisuwa. Na so in yi shiru, amma kun ambaci maciji. Daminar bara kububuwa ta sari maigidana a gonar masara, yana cire ciyawa da yamma. Kafin a samu mashin da mai a tankinsa dare ya yi. Ina riƙe da kansa a cinyata, jini yana fita ta dasashinsa, ina gogewa da bakin zanena, shi kuma yana ce mini in kula da yara. Kafin mu isa asibitin Kaltungo ƙarfinsa ya ƙare. Mutumin da ko ruwa zai sha sai ya yi godiya. Ranar ta'aziyya ina kuka, wata uwa ta dafa ni ta ce in share hawaye kada in kunyata Yesu a gaban maƙwabta. Na haɗiye. Wata huɗu ban iya addu'a ba, domin abin da ke bakina ba godiya ba ne, an kuma ce mini wanda ba godiya ba zunubi ne.

Baba Dattijo: Wayyo ɗiyata. Ubangiji ya ta'azantar da ke da yaran. Ban ce saran maigidanki hukunci ba ne, Allah ya kiyaye bakina daga wannan. Ki gafarce ni.

Malamar Firamare: Ba komai Baba, na san ba nufinku ba ne. Amma haka maganar take sauka a kunnen wanda ke cikin ciwo.

Ɗalibin Tauhidi: Baba, da izininku in ƙara a kan Littafin Ƙidayan. A sura 11 akwai kuka iri biyu a wuri ɗaya. Jama'a suna ƙofar alfarwansu suna tuna kifi da kankana da albasa da tafarnuwar Masar, suna cewa gara can. Wannan ya jawo annoba. A cikin surar nan kuma Musa ya fuskanci Allah ya ce, don me ka wahalar da bawanka, ni na haifi mutanen nan? Har ya ce in haka za a ci gaba gara a kashe shi. Maganarsa ta fi tasu zafi. Allah bai hore shi ba, ya ba shi dattawa 70 su taya shi ɗaukar kaya. Su sun juya wa Allah baya suna maganarsa a tsakaninsu, zuciyarsu tana Masar. Musa ya kai ƙararsa gaban mai ita.

Baba Dattijo: Musa annabi ne, ya san iyakarsa. Mu in aka buɗe mana wannan ƙofa, wa zai rufe?

Manomi (Dadin Kowa): Ni a nan ina bayan Baba. Tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, duk inda mutum biyu suka zauna hirar ɗaya ce: mai, taki, kuɗin mota, kuɗin makaranta. Ni ma na shiga ciki dumu-dumu, domin injin ban-ruwa ba ya shan haƙuri, mai yake sha. Kullum na dawo gida sai tsaki. Wata rana muka zauna cin tuwo, na ce wa ƙaramin ɗana ya yi mana addu'a, yaron da bai wuce shekara bakwai ba, ya ce, "Baba, ai ka ce Allah ya manta da mu." Loma ta tsaya mini a wuya. Ban san ya ji ba. Gunaguni yana da yaɗo kamar ƙaiƙayi, kuma yara ne suke fara kamuwa.

Ɗalibin Tauhidi: Gaskiya ne yaya, wannan shi ne ainihin wanda 1 Korintiyawa 10:10 ta hana. Amma da a ce yaron ya ji ka a ɗaki kana cewa, Ubangiji na gaji, ka dube mu, me zai koya?

Manomi: Zai koyi inda ake kai kuka. Na yarda. Sai dai a baki bambancin yana da sauƙi, in ciki ya ɗauki zafi ba ka sanin lokacin da ka tsallaka daga wannan zuwa wancan.

Maman Zumunta (Tula): Ku bar ni in faɗi wadda ta fi ci mini rai. Shekara 22 ina cikin Zumuntar Mata, na ga yadda ake ɗaukar kalmar haƙuri a toshe bakin mai rauni da ita. Gwauruwa dangin miji sun kwashe gona, ta zo wurin dattawa, a ce mata ta yi haƙuri, Kirista ba ya ƙorafi. Mai bishara a ƙauye ya yi watanni ba a ba shi ɗan abin da ake ba shi ba, in ya yi magana a ce ba shi da ruhaniya. Wa wannan koyarwa take yi wa amfani? A Ayyukan Manzanni sura 6 gunaguni ya tashi a cikin ikkilisiya saboda ana tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci wajen rabon abinci. Manzanni ba su ce a tuba ba. Sun ce a zaɓi mutum bakwai, Istifanas yana ciki, aka gyara rabon. Kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Ɗalibin Tauhidi: Mama, kuma a Helenanci kalmar da ke wannan aya ita ce dai ta Filibiyawa 2:14.

Baba Dattijo: To ai kun ga, gunagunin bai zama abin yabo ba don an gyara. Manzanni sun yi hikima ne suka kashe wutar. Ku dubi wanda ya rubuta Filibiyawan, yana kurkuku ya rubuta. A Ayyukan Manzanni sura 16, a garin Filibi ɗin aka yi musu bulala shi da Sila, aka sa ƙafafunsu a turu, da tsakar dare suna waƙar yabo. Wannan nake so matasanmu su koya.

Maman Zumunta: Baba, a ƙarasa surar. Da gari ya waye mahukuntan garin suka aiko a sake su a ɓoye, Bulus ya ce a'a, an doke mu a bainar jama'a ba shari'a alhali mu Romawa ne, su zo da kansu su fitar da mu. Suka zo suka ba su haƙuri. Bakin da ya yi waƙa da dare shi ya nemi hakkinsa da safe.

Shugaban Matasa: Wannan na fahimta, ƙorafi a kan zaluncin mutum. Amma wanda ba mutum ya yi maka ba fa, kamar na Malama? Wa za ka kai ƙara?

Malamar Firamare: Shi ɗin dai, ƙanena. Abin da ya buɗe mini baki Zabura 88 ce. Wani dare na kasa barci, yara sun yi barci a tabarma, na haska tocilan waya ina buɗe Littafi ba tare da na san me nake nema ba. Na karanta ta har ƙarshe ina jiran inda zai ce amma na gode, babu. Da duhu ta ƙare. Na ce ashe an bar irin wannan a cikin Littafi Mai Tsarki, har ana rera ta. Daren nan na ce, Ubangiji ka ɗauke shi ka bar ni da yara huɗu, ban gane ba, kuma raina ya ɓaci. Na yi kukan da aka hana ni ranar ta'aziyya. Wannan ce addu'ata ta farko bayan wata huɗu. Da ban gaskata yana ji ba, da wa zan yi wa magana a ɗaki ni kaɗai? Ubangijinmu ma ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, a kan gicciye kuma ya ɗauko farkon Zabura 22 ya ce, don me ka yashe ni. Wa zai ce bangaskiyarsa ta gaza?

Ɗalibin Tauhidi: Ayuba ma haka. Muna haddace 1:21, inda ya ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, mu tsaya, amma a sura 3 ya la'anci ranar haihuwarsa, ya yi ta jayayya sura bayan sura. A 42:7 kuwa abokansa masu kāre Allah aka tsawata wa, aka ce ba su faɗi gaskiya game da shi kamar bawansa Ayuba ba.

Baba Dattijo: Kada ka manta Ayuban ya sa hannu ya rufe bakinsa a sura 40, a ta 42 kuma ya tuba cikin ƙura da toka. Bari in faɗa muku abin da ban cika faɗa ba. Na binne ɗana na fari yana da shekara 26, saura kaɗan a yi bikinsa. A bakin kabari na ce Ubangiji ya bayar, Ubangiji ya karɓa, albarka ga sunansa. Ba don ba ciwo ba. Na san zuciyata, in na fara tambayar don me ba zan tsaya ba, sai na bar majami'a. Ayar nan na riƙe kamar igiyar rijiya. Har yau in na ji ana cewa a faɗa wa Allah ɓacin rai, gabana yana faɗuwa. Maganar hawaye kam, mai wa'azin ya wuce gona da iri, na yarda. Amma a kan ƙorafi ban sauka ba.

Malamar Firamare: Baba, ban san kun sha wannan ba. Ubangiji ya ƙara muku ƙarfi. Ba zan ce ku saki igiyarku ba. Roƙona kawai, kada a ce wa wadda take kuka a makoki ta kunyata Yesu.

Baba Dattijo: Wannan kam ba za a sake faɗa a gabana in yi shiru ba. Zan kai maganar zaman dattawa.

Maman Zumunta: To madalla. Akwai 'yar'uwarmu da ta rasa jaririnta makon jiya, ba ta fito sujada ba tun ranar. Za mu je gidanta ran Alhamis da ƙarfe huɗu. Mai mudun masara ko sabulu ya kawo wurina kafin Laraba. Abokan Ayuba kwana bakwai suka zauna da shi ba wanda ya ce uffan, don haka ina roƙo kada kowa ya zo da wa'azi.

Manomi: Zan aiko da shinkafa tiya biyu ta hannun direba.

Baba Dattijo: Ku biyo ta gidana ku ɗauke ni. Zan zauna da maigidan a waje.