Musayar Waƙa: Wa Ke Tuna Mai Haɗa Kiɗa?

Ɗan Gangare:
Jiya na tambayi samari uku a kasuwar Terminus ta Jos wane ne Quincy Jones, duk suka yi zuru. Ga nawa, mai amsa ya amsa.

An san Michael Jackson wajen takawa,
An manta Quincy, mai tsara masa bugawa,
A 1933 Shikago ta ga haihuwa,
Da busa ƙaho ya fara fitowa,
Ya je Faris ya ƙaro karantawa.

Faifan Thriller shi ya yi ɗinkawa,
Tun 1982 bai daina sayuwa,
Lambar yabo ta Grammy 28 ya yi tarawa,
Yana da 91 ya yi tafiyar rashin dawowa.

Baba Na Bukuru:
Ɗana, sannu da kai mu Amurka,
Dawo gida, ina da tambayarka:
Ɗan Maraya wa ya tsara masa waƙa?
Kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya ɗauka,
Ba furodusa, ga Jos ta ɗaukaka.

'Yar Rikkos:
Baba, a gafarce ni in saka baki,
Tsirkiya ɗaya mutum ɗaya ya isa aiki,
Amma mawaƙa sama da 40 a ɗaki,
A 1985, kowa na jin shi ne sarki,
Yunwar Habasha ta tara su, ba biki,
Sai da Quincy ya ja musu birki.

Mai Fiyano Bauchi Road:
Yaya, kin taɓo mini inda yake ƙaiƙayi. Ku bar na Amurka, ku ji nawa.

Mawaƙi ya zo da murya duk ta karkace,
Na kwana kan kwamfuta har ta daidaice,
An ɗauke wuta, man janareta ya ƙare, na jure,
Ya kira Alhaji, ya kira Hajiya, ni ya tsallake,
Cikon kuɗina wai sai an yi zaɓe!

Ɗan Gangare:
Ƙanena, ai ciwon ke nan nake faɗa,
Ana yabon miya, a bar mai gyaɗa.

Baba Na Bukuru:
To, na sallama wa 'yata rabi, rabi kawai.

Kai kuma mai fiyano, ji ta dattijo:
Riƙe waƙar a kwamfuta, kar ka yi sanyi,
In ya zo karɓa, ka ce sai an yi zaɓe.