Ɗana ya gama jami'a ya samu aiki a Ibadan, gandunmu kuma yana neman tsagewa

Malamin Fadama:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina karanta abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa cewa uffan ba, yau dai abin ya zo kaina.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye tsakanin Auyo da Kafin Hausa, ritaya ta kusa. Kamar kowa a nan, noma ne ke riƙe da gida, albashi sai dai ya sayi taki da sabulu. Muna da gonar tudu ta gero da dawa da wake, muna da 'yar fadama ta shinkafa, da rani kuma mu yi alkama ko albasa in an samu kuɗin man injin ban ruwa. Gandu ne tun na mahaifinmu, ni da ƙanena ba mu raba ba har yau. Rumbu ɗaya muke ɗiba.

Ɗana na fari, wanda muke ce wa Abba saboda sunan mahaifina ya ci, shi ne na farko a gidanmu da ya taka jami'a. Aikin gona ya karanta a Jami'ar Tarayya ta Dutse. A takarda karatun shekara 5 ne, amma ga korona a 2020, ga yajin aikin malaman jami'a, na 2022 kaɗai wata 8 ya ci. A wannan yajin gida ya dawo ya kama garma, kuma da shi muka tsaya a bakin gona, ruwa har gwiwa, muna kallon ambaliya ta shanye shinkafar da ta fara fitar da kai. Duk ɗan ƙasar Haɗeja ya san abin da aka gani a wannan daminar. Da aka janye yajin aiki babu ko sisi a gidan, sai da muka kai sa ɗaya cikin shanun huɗa kasuwa kafin ya koma Dutse. Ku riƙe maganar san nan, za ta dawo.

Ya gama, aka tura shi bautar ƙasa jihar Oyo. Ya yi sati 3 na horo a Iseyin, daga nan aka kai shi wata gonar kaji a wajen Ibadan. Muka ce shekara ɗaya ce, a daure. Da aka ɗaga alawus daga naira 33,000 zuwa 77,000 har ya riƙa turo ɗan abin cefane, ana cirowa wajen mai POS ranar kasuwa.

Da ya karɓi takardar sallama ya zo gida. Wani dare bayan isha'i ya same ni a zaure, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ya ce masu gonar sun riƙe shi aiki, shi zai kula da wajen haɗa abincin kajin. Ya ce, "Baba, sai abin da ka ce." Ni kuwa me zan ce? Na ce ya je ya fara, za mu yi shawara. Ya tafi, shawarar ce har yau ba a yi ba.

Ga inda gizo ke saƙa. Ƙanena yana da samari biyu, sakandare suka gama suka tsaya, su ne ke sharar gona, su kai taki a amalanke, su yi huɗa da san aro tunda namu ya zama guda. Bana bayan an gama ɗaurin gero, a gaban rumbu, ya ce mini, "Yaya, san da aka sayar na gandu ne. Gandu ya yi wa Abba karatu, yanzu nawa suna duƙe shi yana can yana cin albashi." Bai ɗaga murya ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma ya kawo zancen raba gona, abin da ko bayan rasuwar mahaifinmu ba wanda ya furta.

Sai kuma mahaifiyar yaron. Kun san alkunyar ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗa, "wancan" take cewa. In ya kira waya ta amsa gaisuwa a taƙaice ta miƙa wa auta. Amma ɗakinsa da ke kusa da zaure ta sa masa kwaɗo, mukullin yana ɗaure a haɓar zaninta, takan buɗe ta share ta mayar ta rufe. Babban ɗan ƙanena zai yi aure bayan kaka, ana son ɗakin, ta ce sai dai a yi wani ginin. Yanzu ita da matar ƙanena gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

To jama'a, in kira shi ya dawo? Na san in na ce ya dawo, gobe zai hau mota. Abin da ke tsorata ni ke nan.

Ɗan Gumel a Agege:

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara girma. Ni ma irin Abba ne, na bar gida bayan bautar ƙasa, don haka ta ɓangarensa zan yi magana, a gafarce ni in na yi kaushi.

Kada ka ce ya dawo, Baba. Zai dawo ɗin, don tarbiyyar da kuka ba shi ke nan, amma ya dawo ya yi me? Ya zauna a gindin darbejiya da digiri a cikin jaka yana jiran a buɗe ɗaukar ma'aikata a Dutse? Akwai irinsu da yawa a garinmu, wasu da na yi aji ɗaya da su yanzu cajin waya suke yi. Ba raini ba ne, sana'a ce, amma ba don ita aka sayar da sa ba.

Maganar baffan nan kuwa gaskiya ce tsantsa, kuma gara da ya faɗe ta a gabanka maimakon a majalisa. Gandu ya ba da bashi, sai a biya gandu. Abin da muka yi a gidanmu shi ne, aka zaunar da ni aka ce kafaɗar da na janye daga gona sai in mayar da ita da aljihu. Duk damina ni ke biyan 'yan ƙwadago na noman farko da na maimai, kuma takin zamani a wuyana yake. Kuɗin ba hannun mahaifina nake turawa ba, hannun baffana nake turawa, don shi ke tsaye a gonar. Wannan kaɗai ya kashe rabin gulmar. Ku yanka wa Abba abin da zai iya, a faɗa a gaban kowa, kuma a fara da mayar da san huɗa ko da a hankali ne.

Amma Baba, ku tausaya wajen yankawa. Mutanen gida suna jin an ce albashi sai su ɗauka rijiya ce. A can komai saye ne, har ruwan sha, kuɗin haya na shekara ake biya gaba ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota daga kudu zuwa Kano ya zama abin da sai ka yi tanadi kafin ka zo. In bai zo Sallah ƙarama ba ya zo babba, kada a ce ya manta gida.

Alhaji Mai Riɗi:

Ni ban yarda da yaron nan na Agege ba. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Yaro ya karanta noma, ga gona a ƙofar gidansu, sai ya tafi ya yi wa wani kiwon kaji? Ɗan'uwa, je ka Maigatari ranar Alhamis ka ga abin da ake lodawa, ka je Dawanau ka ga riɗi da zoɓorodo da ake fita da su ƙasashen waje. Daga gonakinmu na Jigawa suke fitowa, amma masu cin ribar ba su taɓa riƙe fartanya ba. Da irin su Abba za su zauna su koya mana irin da ya dace da yadda ake adana kaya, da an ga canji. Ka ba shi shekara 2 ko 3 ya koyi aikin ya tara jari, sannan ya zo ya kafa nasa a gida. Ka gaya masa wa'adin tun yanzu, in ba haka ba sai ka ji ya yi aure can, shi ke nan kuma.

Inna Uwar Biyar:

Malam, duk maza sun tafi kan gona da sa, ba wanda ya waiwayi baiwar Allah nan mai mukulli a haɓar zani. Ni ita nake ji.

Tawa mace ce, ita ce ta fari, ta gama karatun jinya aure ya kai ta Kaduna. Ranar da aka tafi da ita ko ƙofar gida ban leƙa ba, ina madafa ina ta tuƙa tuwon da ba wanda ya ce in tuƙa. Haka aka raine mu, ka nuna kana son ɗan fari a ce ba ka da kunya. Amma alkunya a baki take, Malam, ba ta kai zuci ba. Ɗakin nan da ta kulle, shi kaɗai ne wurin da za ta nuna abin da ke ranta ba a yi mata dariya ba. In aka karɓe da ƙarfi za ta yi shiru, don ba ta da yadda za ta yi, amma ba za ta manta wa matar ƙanenka ba har abada.

Kada kai ka karɓa, kada ƙanenka ya karɓa. Shi Abba ne zai ce, "Inna, a ba ɗan'uwana ɗakin, in na tashi aure zan yi nawa ginin." Kuma a nuna mata filin da zai yi ginin, ko bulo ɗari ne ya turo a jibge a wurin, ta riƙa gani tana wucewa.

Sannan maganar waya. Kana ba ta a tsakar gida, ga kishiyar sauri, ga yara, ga kai a tsaye, me kake so ta ce? Ya saya mata tata, ko ƙarama ce mai tocila. Ni tawa da asuba take kirana in na idar da salla, kowa yana barci, mu yi ta hira har gari ya waye. Har yau ban taɓa kiran sunanta ba, kuma ba abin da ya rage mu da shi.

Direban Kwanar Dumawa:

Malam, in tsoron kudu ne yake damunka, Ibadan ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe. Unguwar Sabo ta haura shekara 100, fataken goro da na shanu ne suka kafa ta, akwai Sarkin Hausawa, akwai masallatai, tuwo da miyar kuka ma sai ya zaɓa. Ba na ce babu fitina ba, kowa ya ji abin da ya faru a kasuwar Sasa a watan Fabrairun 2021. Ya dai nemi mutanen gida ya san su, ya riƙa zuwa Juma'a cikinsu, kada ya zama ɗan boko mai zaman kansa. Kakanninmu da ƙafa suka je Gwanja, shi da ke da waya a aljihu me zai same shi in Allah ya tsare?

Malamin Fadama:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta duka, wasu har sau biyu.

Alhaji, maganarka ita ce ta zuciyata, ba zan ɓoye ba. Sai dai wa'adi ba zan sa masa ba. Kaji suna son wuta da hanya da kasuwar ƙwai a kusa, mu kuwa da damina ko babur da ƙyar yake shigowa garinmu. In ya ga da hali zai faɗa da bakinsa.

Jiya da daddare na samu ƙanena mu biyu, na ce masa maganar sa gaskiyarsa ce. Ya yi shiru ya daɗe, sannan ya ce shi ba sa ne ya dame shi ba, gani ya yi an daina shawara da shi tun da Abba ya shiga jami'a. Zancen rabon gona bai janye ba, ya ce a bari sai an shigar da dawa. Na kira Abba a gabansa na ba shi wayar, suka yi magana, ya ce zai fara tara kuɗin san daga albashin wata mai zuwa, kuma ta hannun baffansa zai riƙa turowa.

Inna, maganar ɗaki ban taɓo ba tukuna. Bikin ya matso, yaron da zai yi auren kuma kullum sai ya bi ta ƙofar ɗakin yana kallon kwaɗon. Zan gaya wa Abba yadda kika ce, in ya so shi da mahaifiyarsa su ƙare.

Direba, in kana da lodin Ibadan cikin watan nan ka yi mini magana ta gefe. Mahaifiyar Abba ta daka kuka da kuɓewa busasshiya, ta ƙulla daddawa da yaji, ga rabin buhun gero, duk suna jingine a bayan ƙofa. Da na tambaye ta na wane ne, cewa ta yi na wancan ne.