Tsawon ja a baka mai faifai: abin da kowannenmu ya gani da kansa

Ɗan Zazzau a Minesota

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata huɗu ke nan da na sayi baka mai faifai, wato wanda ake kira kwamfawun, kuma har yau ban ji daɗin harbi da shi ba. Mai shagon ya sa na buɗe hannuwana biyu, ya auna daga kan yatsan tsakiya na dama zuwa na hagu ya sami inci 72 da rabi, ya raba da 2.5, lissafi ya ba da inci 29 a matsayin tsawon ja, wato nisan da ya kamata in ja tsirkiya baya. Ni da kaina na roƙe shi ya saita mini a kan 30, domin na ji cewa kowane inci ɗaya yana ƙara wa kibiya gudun kusan ƙafa 10 a daƙiƙa, kuma gudun da kamfanoni ke rubutawa a takardar baka, a kan inci 30 da nauyin ja laba 70 ake gwada shi. Yanzu tsirkiya tana dukan sangalin hannuna har ya yi shuɗi, kafaɗata ta hagu kuma tana fara ciwo kafin in kai kibiya talatin. Ina roƙon duk wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya faɗi abin da ya gani.

Malamin Lissafi, Ohayo

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka bayyana shi ne ya same ni a shekarata ta farko, kuma na daɗe ina ɗora laifin a kan hannuna alhali saitin bakan ne bai dace da jikina ba. Buɗin hannuwana inci 70 ne, wato ja na 28 ya kamata in fara da shi, amma na karɓi bakan wani abokina da ke kan 29 na ci gaba da harbi a haka. Ban gane halin da nake ciki ba sai ranar da matata ta ɗauke ni bidiyo daga gefe, na ga kaina ya karkata baya, ƙuguna ya turo gaba, gwiwar hannun da ke riƙe da baka ta miƙe ƙam, ƙarshen kibiya kuma ya wuce kusurwar bakina ya kusa kai kunne. Mutumin da ya miƙe gwiwar hannunsa haka ya shigar da sangalinsa cikin hanyar tsirkiya, shi ya sa take dukansa.

Dalilin da abin yake da tsanani a irin wannan baka shi ne faifan da ke bakin reshe biyu suna da iyaka. Idan ka ja har suka gama juyawa, nauyin zai ragu ƙwarai, sau da yawa da kashi 75 zuwa 85 cikin ɗari, sannan ka ci karo da abin da maharba ke kira bango, inda tsirkiya ba ta ƙara matsawa ko kaɗan. Idan bangon nan yana nesa da inda jikinka ya tsaya, jikin ne zai lanƙwashe ya bi shi. Da na rage inci ɗaya, dukan tsirkiya ya tsaya a ranar, amma sai da na yi kusan mako uku kafin sabon tsayin ya daina yi mini kamar ƙunci, saboda jiki ya riga ya saba da kuskure.

Hajiya daga Manchesta

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, amma ina so in faɗi ɗaya ɓangaren, domin kada ƙanenmu ya ɗauka cewa ragewa ce kullum magani. Ni gajarta ce ta dame ni. Buɗin hannuwana inci 64 ne, lissafi ya ba da 25.6, aka saita mini a kan 25 da hujjar cewa gara ya gaza da ya wuce. A mita 18 cikin ɗaki ban ga aibu sosai ba, amma da na fita fili ina harbin mita 50, sai tsinin saiti, wato ɗan tsinken da ke jikin baka wanda ake daidaitawa da abin da za a harba, ya riƙa rawa da sauri a kan allo, gwiwar hannuna mai ja ta kasa komawa bayan kibiya, baka kuma yana ƙoƙarin fizge tsirkiya daga hannuna da zarar na ɗan saki jiki. Ƙarin rabin inci kawai aka yi mini, rawar ta lafa.

Akwai kuma abin da ba wanda ya gaya mini da wuri. Na fara da abin saki, wato 'yar na'urar da ake jan tsirkiya da ita a kuma sake ta, mai ɗauri a wuyan hannu wanda ake danna kunamarsa da manuniya, daga baya na koma na riƙewa a tafi wanda ake dannawa da babban yatsa. Saitin bakan bai canza ba, amma wurin da hannuna ke zama a muƙamuƙi ya canza gaba ɗaya. Mai horar da mu bai taɓa faifan ba, sai ya kwance ɗan madaukin igiyar nan da ake ɗaurawa a tsirkiya ya ɗaura wani mai ɗan tsawo. Tsawon ja na baka shi ke yanke inda tsirkiya za ta taɓa hanci da baki, tsawon madauki da irin abin saki kuwa su ke yanke inda hannu da gwiwa za su tsaya. Na daɗe ina haɗa waɗannan biyu a matsayin abu ɗaya.

Injiniya a Abuja

Ni nawa darasin ya fi tsada. Na yi odar baka na hannu, wato wanda aka taɓa amfani da shi, daga waje, aka rubuta mini cewa inci 29 ne, na biya kuɗin jirgi ya iso. Ban tambayi irin faifansa ba, ashe irin wanda aka ƙera don tsawo ɗaya tak ne, ba a canza shi sai an sayo wani faifai ko wani guntun ƙarfe da ake ɗaura masa, kuma a wannan bakan cire su yana buƙatar injin matse baka, wanda ban samu a kusa da ni ba. Da yawa daga bakunan yanzu suna da guntu mai juyawa wanda ake kwance ƙusoshinsa a matsar da shi rabin inci rabin inci, kuma da na sani da irinsa zan nema.

Abu na biyu, da na auna shi da kaina sai na tarar ya kai 29 da rabi, domin tsirkiyar ta tsufa ta miƙe. Yadda na auna kuwa, na ɗora kibiya na ja har bango, ƙanena ya sa alama a jikinta daidai saitin wurin da ya fi zurfi a mariƙin baka, muka auna daga tsagin ƙarshen kibiya zuwa alamar, sannan muka ƙara inci 1 da kashi uku cikin huɗu, domin haka masu ƙera baka ke lissafa tsawon ja. Ɗan'uwa, kafin ka canza komai ka auna naka, mai yiwuwa 30 ɗin da kake zato ya fi haka.

Baba Maharbi, Damagaram

'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Mahaifina mafarauci ne, da baka da kwari na tashi, kuma bakan gargajiya ba ya yanke wa mutum iyaka, inda ƙarfinka da sabonka suka tsaya nan kake saki. Da ɗana ya kawo mini wannan na zamani daga Faransa, na ja shi irin jan da na sani, sai na ji ya yi nauyi a tsakiya, ya saki a ƙarshe, ya kuma tsaya tun hannuna bai kai inda ya saba ba. Na ɗauka ya lalace ne, sai ɗan nawa ya bayyana mini cewa a kan tsawonsa aka saita shi, kuma na fi shi tsawon hannu.

Abin da nake so in ja hankalinku a kai shi ne gwajin kansa. Wani baƙo ya taɓa ɗaukar bakan nan a gidana don ya ji tsawonsa, ya ja ba kibiya, tsirkiya ta kuɓuce masa, ta sauka daga kan faifai da ƙara mai firgitarwa, Allah ya tsare idonsa. Duk mai gwada tsawon ja ya ɗora kibiya, ya fuskanci allo ko tudun ƙasa. Wanda kuma zai ƙara tsawo ya duba kibiyoyinsa tukuna, kada tsinin ya ja baya ya faɗo daga mazauninsa kusa da hannu.

Malamin Lissafi, Ohayo

Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma. Na manta ban faɗa ba cewa bayan na rage nawa sai da aka matsar da ɗan zoben leƙe da ke cikin tsirkiya, wanda ake leƙawa ta cikinsa lokacin saiti. Na rufe ido na ja, na zaunar da hannu a muƙamuƙi, hanci ya taɓa tsirkiya, sannan na buɗe ido, aka daidaita zoben da idon ba tare da na sunkuyar da kai ba.

Ɗan Zazzau a Minesota

Na gode Baba, na gode Hajiya da sauran yayyena. Jiya na koma shagon, muka auna kamar yadda Injiniya ya faɗa muka sami 30 da kwata. An mayar da shi 29, an matsar da zoben leƙe, na harba kibiya arba'in a yadi 20 tsirkiya ba ta taɓa ni ko sau ɗaya ba, ko da yake kafaɗar ba ta gama warkewa ba. Har yanzu ina jin gwiwar hannuna ta dama kamar ta ɗan fito gaba, amma mai shagon ya ce kada mu taɓa faifai ko madauki sai na yi mako biyu a haka. Na sa an ɗauke ni bidiyo daga gefe da kuma daga baya, zan sake ɗauka ranar Asabar ta sama in kwatanta su.